Kafin Ka Dama Hoto, Ajiye Uwar Aiki

 

Sharhinmu na yau ya shafi masu haɗa hoto a kwamfuta da wayar hannu, wato matasan nan da ke yi mana katin gayyatar biki, da fastar saukar karatu, da tallar shago da muke gani a WhatsApp da Facebook. Amma wanda ba sana'arsa ba ce kada ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha. In dai ka taɓa cire kuɗi daga aljihunka aka yi maka kati, ko tambarin kasuwanci, ko bana, to kana da kaso a cikin wannan magana.

Bari in fara da abin da ya same ni. Da aka sa ranar auren ƙanwata, ni aka ɗora wa zancen kati. Na kai aikin wani ɗan shago a bakin kasuwar unguwarmu, wajen wani matashi mai natsuwa, kuma ya yi aiki na gani na faɗa: shuɗi mai duhu da ke washewa a hankali zuwa ƙasa, rubutu ruwan zinare, furanni sun kewaye sunan ango da na amarya. Ya turo mini ta WhatsApp, na raba wa dangi. Saura kwana tara, sai dangin ango suka roƙi a dawo da ɗaurin auren daga Asabar zuwa Juma'a bayan an sauko daga masallaci, saboda baƙinsu na nesa. Iyaye suka amince. Na koma shagon na ce masa, “Ƙanina, ranar kawai za ka canza mini, sai lokaci.” A zatona aikin minti biyu ne.

Ya buɗe wannan folda ya rufe, ya buɗe waccan. Can ya ɗago kai ya ce, “Wallahi Yaya, na goge fayil ɗin, wuri ne ya cika mini. Sai dai ka turo mini wanda na aika maka.” Na tura masa. Ina zaune a kan benci kusa da shi ya janyo hoton ya ƙara girmansa, sai ga gefen haruffan duk ya yi dishi-dishi, kamar tawada ta sha ruwa a takarda. Ya zana ɗan akwati shuɗi ya rufe kalmar Asabar, amma shuɗin ya ƙi sajewa da na kewaye, tun da na asalin washewa yake yi. Ya gwada, ya sake gwadawa, faci ya ƙi ɓoyuwa, ga reshen fure guda ya gutsure. Daga ƙarshe ya ja dogon numfashi ya fara katin daga farko. Muka shafe wajen awa uku, janareta yana shan mai, mutum biyu da ke jiran nasu aikin suka gaji suka tafi.

Yaron nan ya iya aikinsa, ba na shakka. Abu guda ne ba a koya masa ba, kuma na lura da yawa cikin abokan sana'arsa ba a koya musu ba. Kowane aikin hoto fayil biyu gare shi. Akwai uwar aiki, wadda ake ajiyewa a gida, akwai kuma kwafin da ake fitarwa a aika wa mutane. Shi sai ya yar da uwar ya riƙe kwafi.

Manyanmu za su fi saurin gane wannan. Lokacin da ake ɗaukar hoto da fim, mai hoto na ƙwarai ba ya wasa da negatif. Ka dawo bayan shekara biyar ka ce a sake wanke maka hoton ranar suna, sai ya janyo ambulan daga durowa ya wanko maka sabo fil. Wanda kuwa negatif ɗinsa ya salwanta, sai dai a ɗauki hoton hoto, kuma kowa ya san yadda wannan ke fitowa.

To me ke cikin uwar aikin da ya ba ta wannan daraja? Shi ne abin da masu sana'ar ke kira leya. Ka ɗauka kana da fallayen leda huɗu masu garai-garai. A falle na farko ka shafa shuɗin fenti. A na biyu ka zana furanni, sauran wurin ka bar shi fayau. A na uku ka rubuta sunan ango da amarya, a na huɗu ka rubuta rana da lokaci. Ka ɗora su ɗaya bisa ɗaya ka leƙo ta sama, hoto guda za ka gani. Amma kowane falle zaman kansa yake yi. In rana ta canza, sai ka zare falle na huɗu ka gyara ka mayar, furanni ba su ma san an yi ba. Kowane falle shi ne leya guda, kuma na sama shi ke rufe na ƙasa.

Ku dubi mai fura da nono. Nononta yana ƙwarya, fura tana gefe, sukari yana cikin ƙaramin kwano. Muddin ba ta dama ba, mai saye yana da bakin cewa a ƙara nono, a rage sukari. Da zarar ludayi ya shiga an dama, zance ya ƙare, babu mai iya tsame sukarin. Fitar da hoto domin aikawa damu ne, dukkan fallayen ake haɗewa su zama guda. Babu laifi a damun, ai sai an dama ake sha. Laifin shi ne a dama duka a wanke ƙwarya, ba a rage komai ba.

Dabarar nan ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a 1914 wani Ba'amurke mai suna Earl Hurd ya yi rajistar hanyar zana mutum-mutumin katun a kan falle mai garai-garai, a ɗora shi bisa zanen fili da ba ya motsi, domin a huta da sake zana daji da gida a kowane hoto. Da haka aka shafe shekaru da dama ana yin finafinan katun. Ita kuwa manhajar Photoshop, wasu 'yan'uwa biyu ne suka ƙirƙire ta, Thomas Knoll da John Knoll. Thomas ya fara rubuta ta a 1987 yana ɗalibi a Jami'ar Michigan, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, a farkon fitowarta babu leya a cikinta. In ka ɗora rubutu ko wani hoto bisa wani, ka sake shi, shi ke nan ya manne. Sai a 1994, a fitowa ta 3, aka shigo da leya. Rubutun da za ka iya komawa ka gyara harafinsa, da damar ja da baya taki da yawa in ka yi kuskure, sai a 1998 suka zo. Wato ƙwararrun wancan zamani sun sha irin wahalar da ɗan shagon nan ya sha, amma su dole ce ta sa su. Mu yau maganin yana hannunmu, har a cikin wayar da ke aljihu.

Na ce har a waya, domin kada wani ya ce wannan zancen masu kwamfuta ne. Yawancin yaranmu da PixelLab ko Canva suke aiki, a gidajen buga takardu kuma CorelDRAW ce ta fi yawa. Duk suna da leya, duk kuma suna da uwar aiki. A Photoshop sunan fayil ɗin yana ƙarewa da PSD. A CorelDRAW, CDR. A GIMP, wadda kyauta ce, wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara ta a 1995, sunansa XCF. A PixelLab, in ka zo adanawa za ta ba ka zaɓi biyu, ka adana a matsayin aiki ko a matsayin hoto, kuma na farkon shi ne uwar. Wanda ba shi da kuɗin biyan Photoshop, tun da daga 2013 haya ake biya ba saye ba, akwai Photopea da ke aiki a cikin burauza, tana buɗe fayil ɗin PSD da leyoyinsa. Masu GIMP ma a 2012 sun raba abin gida biyu ƙarara: maɓallin adanawa ba ya ba ka komai sai XCF, in JPEG kake so sai ka bi ta maɓallin fitarwa. Masu amfani da ita da yawa sun yi ƙorafi a lokacin. Ni dai ina ganin masu manhajar sun yi daidai, domin sun toshe ramin da mutane suka fi faɗawa.

Sai dai ajiye uwar aiki kaɗai bai wadatar ba in uwar ta zama kwandon shara. Na taɓa leƙa fayil ɗin wani mai haɗa fasta, leya ta fi 60, babu guda mai suna, daga leya ta 1 sai leya ta 2, sai kwafin leya ta 2, sai kwafin kwafinta. Neman inda lambar waya take kaɗai ya ci minti goma, yana kashe wannan yana kunna waccan. Sa wa leya suna ba ya cin daƙiƙa biyar. Rubuta “rana”, rubuta “hoton ango”, rubuta “tambari”. Waɗanda suka danganci juna a tara su a jaka guda. Kai da kanka za ka amfana bayan wata shida, lokacin da ka manta yadda ka haɗa aikin, ballantana yaron shagonka da za ka bar wa aiki ranar da ka yi tafiya.

Abu na gaba da nake so matasanmu su saba da shi shi ne barin magogi. In za a cire mutum daga bayan hotonsa, da yawa magogi suke ɗauka su yi ta gogewa. Abin da ka goge ya tafi. In hannu ya zarce ya ci gefen hula ko bakin gyale, kuma ba ka lura ba sai gobe, babu dawowa. Akwai abin da ya fi wannan, wato mayafin leya, wanda suke ce wa mas. Shi ba ya yanke komai, rufewa kawai yake yi. Inda ka shafa baƙi a mayafin sai wurin ya ɓuya, inda ka shafa fari sai ya bayyana. Hular da ka ɓoye bisa kuskure tana nan ƙarƙashi, ka shafa fari ta dawo. Haka ma gyaran haske da launi, akwai leya ta musamman da ake ɗorawa a sama ta yi wannan aiki ba tare da ta taɓa ainihin hoton ba. In mai aiki ya ce fuskar ta yi fari fiye da kima, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce, sai ka rage ƙarfin leyar kawai.

Akwai wata matsala da ta shafe mu Hausawa kai tsaye, kuma tana ci mini rai. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba. Mai haɗa kati zai zaɓi salo mai ƙayatarwa, ya rubuta “ɗaurin aure”, sai harafin farko ya fito ɗan akwati, ko ya fito da wata siffa dabam da ta sauran. Maimakon ya nemi salon da ke da su, sai ya cire lanƙwasar ya huta. To ai ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne, haka ɓata da bata. Salon rubutu masu ɗauke da haruffanmu suna nan kyauta, irin su Noto na kamfanin Google, da Andika da Charis. A gwada salo da waɗannan haruffa tun kafin a fara aiki. Rubutun Larabci da ajami kuma nasa haɗarin ya fi girma. In ba a saita manhaja ta gane rubutun dama zuwa hagu ba, haruffan sukan rarrabe su juya baya. Na sha ganin fastar da aka sa bisimilla ko aya a samanta a wargaje, an buga an liƙa a bango. Wanda bai iya karantawa ba, don Allah ya nuna wa wanda ya iya kafin ya fitar. Kuma a nan ma amfanin leya ya fito: in rubutun yana nan da ransa a kan fallensa, gyaran na daƙiƙa kaɗan ne.

Yanzu mu zo ga fitarwa, abin da suke kira ekspot. A nan ne ake tambayar da ya kamata a fara yi tun kafin a taɓa kwamfuta: ina hoton nan za shi? Domin kayan da za ka sa ka je gona dabam, na zuwa ɗaurin aure dabam.

JPEG shi ne wanda kowa ya sani, tun 1992 yake. An yi shi ne domin hoton da kyamara ta ɗauka, fuskoki da gine-gine da sararin sama. Yadda yake rage nauyi shi ne ya yanka hoton ƙananan murabba'ai, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, sannan a kowane murabba'i ya zubar da ƙananan bayanan da ido bai cika lura da su ba. Ya fi zubar da na launi, domin idon ɗan Adam ya fi kula da haske da duhu a kan launi. Shi ya sa jan rubutu a kan shuɗi ko baƙi yake saurin dagulewa. Abin da ya zubar kuwa ba ya dawowa. In ka buɗe JPEG ka gyara ka sake adanawa, zai sake zubar da wani abu. Ka maimaita, ya maimaita. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san wannan: kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi, shi ma daga kwafi, har muryar mai wa'azi ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Dishi-dishin da na gani a gefen haruffan katin ƙanwata ke nan. Sannan JPEG bai san garai-garai ba. In ka fitar da tambarin shago da shi, duk inda ka ɗora tambarin zai zo da farin akwati a bayansa.

Domin tambari, da zane mai rubutu da yawa, da duk abin da ake so bayansa ya zama fayau, PNG ake nema. Shi ba ya zubar da komai, kuma yana riƙe garai-garai hawa-hawa, har inuwa mai laushi. Asalinsa ma labari ne. Kafin shi GIF ake amfani da shi, na kamfanin CompuServe, tun 1987, mai launi 256 kacal. A ƙarshen 1994 aka sanar cewa masu yin manhajar da ke amfani da GIF za su fara biyan kuɗi, saboda hanyar matse bayanan da ke cikinsa mallakar kamfanin Unisys ce. Sai masana suka haɗu ta intanet suka ƙirƙiro madadinsa wanda babu mai karɓar ko sisi a kansa, aka tabbatar da shi a 1996. Amma kada jin cewa PNG ba ya zubar da komai ya sa a riƙa fitar da kowane hoto da shi. Hoton taron biki in aka fitar da shi PNG yakan ninka na JPEG nauyi sau da yawa, alhali ido ba zai ga wani bambancin kirki ba. Akwai kuma WebP da Google ya fito da shi a 2010, wanda yake iya aikin duka biyun kuma ya fi sauƙin nauyi. Masu shafin intanet su riƙe shi, manyan burauzoji duk suna buɗe shi yanzu. In dai hoton za a miƙa wa mutum ne hannu da hannu, JPEG da PNG sun fi tabbas.

Zancen nauyi shi ne inda nake so mu ɗan daɗe, domin a nan akwai hakkin mutane. Wayar da ke da kyamara mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye. Irin wannan hoto yakan kai megabait 3 ko 4, wani lokaci fiye. Faɗin fuskar yawancin wayoyin da ke hannun jama'a kuwa bai wuce ɗigo 720 ko 1,080 ba. Ka ga ke nan mafi yawan ɗigon nan babu inda za su zauna, mai kallo ya biya kuɗin saukar da su amma bai gan su ba. Mu yi lissafi. Makaranta ta sa hotunan bikin yaye ɗalibai guda 20 a shafinta na intanet, kowane megabait 4. Megabait 80 ke nan a buɗewa guda. Uba yana ƙauye inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ya sayi 'yar datar da zai yi kwana biyu da ita, yana so ya ga ɗansa da rigar kammala karatu. Shafin zai yi ta juyi, data ta ƙare, bai ga ɗan ba. Da an rage faɗin kowane hoto zuwa ɗigo 1,600 ko 1,200, aka sa ingancin JPEG a wajen 75 zuwa 80 cikin 100, kowane zai dawo 'yan ɗaruruwan kilobait, duka ashirin ɗin su tsaya a wajen megabait 5 ko 6, kuma a fuskar waya babu mai cewa an taɓa su. Mai shago ma haka: mai saye ba ya jiran hoton atamfa da ya ƙi buɗewa, gaba yake yi.

A kula da tsarin aikin: ana fara rage faɗi da tsawo, sannan a taɓa inganci. Masu cike fom ɗin makaranta ko na neman aiki sun san shafukan da ke cewa kada hoton fasfo ya wuce kilobait kaza. Sai ka ga an bar hoton da girmansa an yi ta danne inganci har fuska ta koma tabo-tabo. Da girman aka rage, da ya shige da kyansa. Sannan kada a ɓata lokaci a kan lambar nan ta 72 ko 300 da ake gani a wajen fitarwa in dai intanet hoton za shi. Wannan lamba ta takarda ce, tana faɗa wa na'urar bugawa ɗigo nawa za ta cusa a inci guda. Fuskar waya yawan ɗigon kawai ta sani. Amma in takarda za a buga, lissafin ya juya. Hoto mai faɗin ɗigo 1,080, in aka buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, faɗinsa bai kai inci 4 ba. Wannan ne dalilin da ya sa fastar da aka ciro daga WhatsApp aka kai a buga ta babba take fitowa fuska a dame. Ƙaramin hoto ba ya zama babba don an ja gefensa. Daga uwar aiki ake fitar da babba domin bugawa, a fitar da ƙarami domin intanet, kowanne da sunansa.

Launi ma yana da nasa. Fuskar waya da haske take aiki, ja da kore da shuɗi. Na'urar bugawa da tawada huɗu take aiki. In intanet za a kai hoto, a fitar da shi a ma'aunin sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996, shi ne wanda kusan kowace na'ura ta fahimta. In aka ɗora fayil ɗin da aka shirya domin tawada, koren tambarinka yana iya fitowa wani iri a wayar mutane.

WhatsApp da Facebook kuma su ma suna nasu damun. Duk hoton da ka aika a matsayin hoto, sai sun sake matse shi. In mai bugawa za ka aika wa, ko abokin aiki, aika shi a matsayin dokumen, zai isa yadda yake. Amma a nan akwai gargaɗi. Hoton da waya ta ɗauka yana ɗauke da ɓoyayyen bayani: irin wayar, da ranar da aka ɗauka, da wurin da aka ɗauka in an kunna na'urar gane wuri. A 2012, lokacin da 'yan sandan ƙasar Belize ke neman attajirin nan John McAfee domin yi masa tambayoyi, wata mujalla ta sa hotonsa a intanet ba ta cire wannan bayani ba, nan take mutane suka gano yana Guwatemala. A halin tsaron da muke ciki, hoton da aka ɗauka a tsakar gida bai kamata ya fita da adireshin gidan a cikinsa ba. Yawancin manhajojin nan suna da wurin da za ka ce a cire bayanan yayin fitarwa. Haka kuma, in ka rufe lambar asusu ko ta katin shaida da baƙin akwati, ka tuna akwatin leya ce kawai. Wanda ka ba uwar aikin zai ɗaga ta ya karanta abin da ke ƙasa. Irin wannan sai an dama shi tukuna ya fita.

Saura ku masu ba da aiki. Alhaji mai shago, Hajiya mai sayar da turare da kayan ƙamshi, malam shugaban makaranta: ranar da kuka ba da aikin tambari ko fasta, ku yi maganar uwar aiki tun a wajen ciniki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu masu sana'ar ba sa bayar da ita sai an ƙara kuɗi, kuma suna da hujja, guminsu ne da dabararsu a ciki. To a yi ciniki a kai a fili. In ba za a ba ku ba, ku nemi alkawarin za a ajiye ta, sannan ku karɓi tambarinku a PNG babba mai bayan garai-garai, ban da ƙaramin da aka turo ta WhatsApp. Yaron da ya yi muku aiki yau, gobe yana iya samun gurbin karatu ya bar garin, ko wayarsa ta faɗa ruwa.

Ku kuma ƙannena masu wannan sana'a, na san wuri yana cika, na san fayil mai leya yana da nauyi. Amma filash guda ko katin memori bai kai kuɗin man da aka ƙona da cinikin da ya tsere a yini irin na katin ƙanwata ba, kuma duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta da zai iya ajiya a ciki. Ku buɗe wa kowane mai aiki foldarsa, ku sa uwar a ciki da suna da kwanan wata, ku ajiye ta a wuri biyu. Yau da daddare, kafin ku rufe shago, ku duba aikin ƙarshe da kuka miƙa, ku tabbatar uwarsa tana nan.